Kiɗan Ranar Wanki a Agadas

Tun da na dawo daga Agadas bakina bai huta ba. A majalisarmu ta bakin titi a nan Tudun Wadan Zariya, duk wanda ya iso sai ya ce, "Sanusi, yaya Nijar?" In ɗauko labari daga farko, ina tsakiya wani ya zo ya ce a koma baya, shi bai ji ba. Abin har ya kai mai shayinmu ya haddace, idan na tsallake wani wuri sai ya tsayar da ni ya cike. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa, ni kuma in samu in sha shayina da zafinsa.

Ƙanwata Hajara muka kai gidan miji. Angon, Alhusaini, mutumin Agadas ne. A jami'ar da ke unguwar Kongo a nan Zariya ya yi karatu, a nan ya gan ta, ya nace, ita ma ta nace, aka ɗaura aure a Zariya. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa, Baba kuma ya rasu, saboda haka ni ne namijin da aka ce ya bi 'yan kai amarya, tun da hanyar ba ta wasa ba ce.

Ga wanda bai san ni ba, aikin ofis nake yi, amma da jita aka fi sanina. Jitar lantarki kuwa ba ta da murya sai an jona ta da amfilifaya, akwatin nan mai sifika da ke ɗaga sauti. Ni a tsakaninsu nakan sa wata na'ura, faɗinta bai wuce na tiren shayi ba, tana da ɗan allo da maɓallan da ake takawa da ƙafa. Aikinta kwaikwayo. An ɗura mata muryoyin amfilifaya iri-iri, da muryoyin akwatunan sifikarsu, da amsa-kuwwa da sauran kwalliya. Ka taka nan jita ta yi laushi, ka taka can ta yi ruri. Hajara ce ta raɗa mata suna Aku, sunan kuma ya bi ta har wajen abokaina.

Akwai wani ɗan kiɗa da na ƙirƙira, ba shi da suna, ba shi da waƙa. Kowace Asabar da hantsi nake kaɗa shi a soron gidanmu, daidai lokacin da Hajara ke wanki a tsakar gida. Shekara da shekaru ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba. Amma ana jibi za mu tashi sai ta same ni a soro, hannunta duk lalle, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

"Yaya, abu ɗaya nake so."

"Faɗi, amarya. In dai ba mota ba ce."

"Idan an kai ni, ka kaɗa mini na ranar wanki. Yadda yake fita a nan, ba wani sabon salo ba. So nake gidan can ya ji shi ko da sau ɗaya ne. Kada in zauna inda ba a taɓa jin komai namu ba."

Na yi dariya don kada in yi abin da ya fi dariya muni, na ce mata an gama. Alƙawarin da na ɗauka ke nan, kuma duk tafiyar shi ne a raina.

Matsala ta farko tun a ƙofar gida ta same ni. Shugabar tafiya Gwaggo Delu ce, ƙanwar Baba, wadda ba a yi mata musu sau biyu. Ƙaramar bas muka ɗauka, ta cika taf da kayan ɗaki da gara, har sama an ɗaure katifa. Na kinkimo amfilifayata ina neman inda zan cusa, sai ta ce, "Wannan ƙatuwar rediyon fa?"

"Ta kiɗa ce, Gwaggo."

"A wurin alkaki da dubulan za ta zauna? Ita surukai za su ci? Sauke."

Na kira Alhusaini, wanda ya riga mu yin gaba, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "A Agadas za ka nemi ampili ka rasa? Ko akuya ka tambaya sai ta nuna maka." Ampili suke cewa a can. Na mayar da tawa soro, na ɗauki jita da Aku kawai, ina ce wa kaina ai duk amfilifayoyin duniya suna cikin cikin Aku, ta gida ɗaya ba za ta hana ni komai ba.

Direbanmu Iro Bakano ne, kun kuwa san tsakaninmu da su. Tun ba mu wuce Kwangila ba ya fara. Ya ce a duk duniya Bazazzagi ne kaɗai zai ɗauki aku ya tafi da ita biki, kamar surutun da Allah Ya ba shi bai ishe shi ba. Na ce gara ni, da Bakano ne ya same ta da tun a Kwanar Dangora ya sayar. Haka muka yi ta yi. Amarya tana baya a tsakiyar ƙawayenta, ta yi kukanta na gaskiya har Kano, aka sayo gurasa ta ci, ta ɗora daga inda ta tsaya har Kazaure.

Bayan Daura muka isa iyaka, Kwangwalam. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A ɓangaren Nijar aka duba takardunmu, aka yi wa amarya fatan alheri, har Iro ya tayar da mota. Sai wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo mai furfura a gemu, ya hango abin da na rungume a cinya.

"Mi ne ne wannan, Malam?"

"Kayan kiɗa ne, ranka ya daɗe."

"Kiɗi? Ni na san ganga, na san gurmi, na san gita. Wannan ya yi kama da abin tuƙin jirgi. Taho ka kunna mu gani."

Muka shiga ofis, na ɗauko fulogi zan sa a bango, sai na tsaya turus. Soket ɗinsu ramuka biyu ne 'yan zagaye, nawa kuwa mai ƙafa uku ne irin namu. Wallahi ko a mafarki ban taɓa tunanin bango ma yana da ƙasa ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a bakin iyaka na fafe nawa. Allah Ya taimake ni akwai mai cajin waya a rumfar da ke kallon ofishin, wajensa na sayi adafta. Tun da babu amfilifaya, na sa wa jami'in hedfon a kunne, na jona jita, na shiga taka masa muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya ɗaure fuska. Da na taka mai amsa-kuwwa sai ya waiwaya baya yana neman inda sautin ke dawowa. Da na taka mai ruri ya zabura har hularsa ta karkace, sannan ya fashe da dariya ya kira abokan aikinsa su ma su ji.

"Kai, Nijeriya!" in ji shi. "Ku komi sai kun yi mashi na jabu, har muryar ampili."

Na fito ina taƙama, ina jin na wakilci ƙasa. Gwaggo Delu ce ta sauke ni. "Mu da muka ɗauko amarya," ta ce, "an shanya mu a rana ana sauraron aku."

A Damagaram muka kwana, gidan Hajiya Mariyama, yayar mahaifiyar ango. Mu a gida idan baƙo ya zo gaisuwa ake fara yi. Su kuwa kafin ka buɗe baki an miƙo maka ƙwaryar fura mai sanyi, sai ka sha ka sauke numfashi sannan a soma tambayar hanya, da gajiya, da zafi, da mutanen da ka baro ɗaya-ɗaya. Da Hajiya ta ji Iro Bakano ne sai ta tafa hannu ta ce, "Allah Ya kawo mini bawana har gida!" Ta sa aka ɗauke masa hula, ta ce ba zai gan ta ba sai ya share ƙofar gida. Ashe Damagarawa ma abokan wasansu ne. Ni kam abin nema ya samu, na zauna ina nuna masa inda bai sharu ba.

Dambu aka kawo mana da zogale da ƙuli, an zuba masa mai ba rowa, sai kilishin da ban taɓa cin mai taushinsa ba. Maza a tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarmi. Kafin magariba Hajara ta aiko a kira ni, na same ta ta ɗan ɗaga mayafi.

"Yaya, mun kusa?"

"Da saura. Gobe ma yini za mu yi."

Sai ta ce, "Ashe da nisa haka." Ta sauke mayafinta. A taswira tazarar ba ta wuce tsawon yatsa ba, sai da muka hau hanya na san inda za mu bar yarinyar nan.

Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na kankare dasashi. Karin safen kafe suke ce masa, ko da kuwa shayi ne a kofin. Muka yi sallama, Iro ya fanshi hularsa da goro, muka nufi arewa.

Daga Tanut zuwa gaba hanyar ba ta da mutunci. Wani wurin kwalta, wani wurin tarihin kwalta. Tukwanen amarya suna ta gaisawa da juna a bayan mota, ni kuma na ƙanƙame Aku a ƙirji duk lokacin da muka faɗa rami. Gwaggo ta kalle ni ta kalle ni, ta ce, "Ka yi aure ka riƙe na gaske mana." Matan mota suka ɗauki shewa, har amarya na ji tana dariya a ƙarƙashin mayafi. Can gaba taya ta fashe. Muna tsugune Iro yana canzawa sai ga wani Buzu makiyayi ya ɓullo ta inda na rantse babu kowa. Ya gaishe mu, ya riƙe wa Iro jak, sannan ya kwance wani ƙunshi ya ba mu cuku, busasshen nono da suke yi falle-falle. Gwaggo ta gutsura ta ce wannan ai fatar takalmi ce. Kafin a gama ɗaure taya ta cinye nata ta karɓe nawa.

Da yamma muka shiga Agadas. Tun daga bakin gari samari a kan babura suka tare mu, suka sa mu a tsakiya har ƙofar gida, mata suna guɗa irin tasu mai kaifi. Babban gida ne na gandu, sassa-sassa, kowa da nasa. Abin da ya fara ba ni mamaki mazan ne. Mu a gida amarya ke rufe fuska, su kuwa dattawansu ne suka naɗe rawani har hanci, ko shayi za su sha sai su tura kofin ta ƙarƙashi. Gwaggo ta raɗa mini cewa a garin nan ba ta gane su wa aka kawo wa wa ba. Shayin ma ba irin namu ba ne da ake cika kofi a tsoma burodi. Ɗan mitsitsi ne, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma idan ka sha shi ka tashi ba ka jira na biyu da na uku ba, ka yi rashin ladabi.

Washegari bayan la'asar aka yi kiɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza gefe, mata gefe, aka bar fili a tsakiya, aka tayar da janareta. Amarya tana ɗaka tare da ƙawayenta, amma tagarta tana kallon filin, duk abin da aka kaɗa za ta ji. Sai aka fito da amfilifaya, mutum biyu suna ɗauke da ita kamar mara lafiya. Tsohuwa ce tukuf, ƙyallen gabanta ya yage, an ɗaure hannunta da igiya. Mai ita Kawu Agali ne, ƙanin mahaifin ango kuma babban gidan yanzu, dogon dattijo mara yawan magana. Ya zauna kusa da ita ya ɗora hannu a kanta.

Na jingine jitata ina warware waya. Ina ɗagowa na ga babu ita. Wani saurayi ya ɗauka, ba sallama ba tambaya, har ya sassauta mata tsirkiya yana gyara ta yadda yake so. Raina ya ɓaci ƙwarai. A Zariya jitar mutum kamar hularsa ce, ko amininka sai ya tambaya. Alhusaini ya ga fuskata ya matso.

"Yaya Sanusi, haka muke yi nan. Gita ba ta da mai ita ranar biki. Duk wanda ya iya sai ya karɓa ya yi nashi, ya miƙa ma na gaba."

Na haɗiye. An ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Kuma gaskiya sun iya. Tsohuwar amfilifayar nan tana da wata murya siririya mai kaifi, tana ɗan karkarwa, ga tafi, ga ganga, mata suna fitowa bibbiyu suna rawa a hankali da gefen mayafi. Jita ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har aka ce saura baƙo daga Nijeriya, wan amarya.

Na tashi da ƙarfin gwiwa. Na shimfiɗa Aku a ƙasa, fitilunta suka kama, mutane suka miƙo wuya. Na jona ta a kafar gaban amfilifayar, na taka muryar da na tanada domin kiɗan ranar wanki, wadda na daɗe ina gyarawa a soro har ta zauna. Na kaɗa.

Abin da ya fito ba zan iya kwatanta muninsa ba. Kamar mutum ya cika baki da tuwo ya sa kai a tulu yana magana. Nan take na gane abin da ya faru, sai dai ganewar ta zo a makare. Aku ta riga ta sa wa jitar muryar wata amfilifaya da ta akwatin sifika, tsohuwar kuma ta ɗora tata a kai, gishiri a kan gishiri. Tawa ta gida tana da kafa a baya, idan na jona ta nan sai ta yi shiru da nata halin ta bar Aku ta yi magana. Na leƙa bayan wannan, babu kafa, sai gidan gizo-gizo.

Sai na yi abin da kowane makaɗin jita a Zariya zai yi. Mu a wajenmu amfilifaya ta kowa ce, duk wanda ya hau sai ya murɗa ta yadda ta yi masa. Na miƙa hannu ta gefen gwiwar Kawu Agali, na murɗe maɓallan gabanta, wannan ƙasa, wancan sama.

Mai ganga ya tsaya. Tafi ya tsaya. Sai ƙarar janareta kaɗai. Kawu Agali ya janye hannunsa, ya ja rawaninsa har ƙasan ido, ya miƙe ya shige zaure.

Alhusaini ya riƙo hannuna. "Yaya, ba a taɓa su. Tun ba a haife ni ba ya aje su haka. Da muryar nan aka yi bikin babana, da ita aka yi na yayyena. Ko daga wace unguwa aka jiyo ta, an san gidanmu ne ke da biki."

Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Su jita ce ta kowa, amfilifaya ta mutum ɗaya, mu kuwa akasin haka, kuma ba wanda ya gaya wa wani don kowa yana ganin nasa ne daidai. Kafin in yi motsi Gwaggo Delu ta ratso mata ta iso kaina. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ɗagawar ciwo.

"Sanusi, a gidan da za mu bar yarinya ka yi wannan? Mu gobe mun tafi. Ita ce za ta zauna ana nuna ta ana cewa ga ƙanwar wanda ya raina babban gida."

Na kalli tagar ɗakin. Na san Hajara ta ji mummunar ƙarar, ta kuma ji shirun da ya biyo baya. Tsoro ya kama ni sosai, ba na kaina ba, nata.

Na cire takalmi na bi dattijon zaure, Alhusaini yana bayana. Muka same shi ya zauna gaban gawayi yana fifita butar shayi. Na durƙusa na ce, "Kawu, na yi laifi. Rashin sani ne, ba raini ba. A yi mini afuwa, kada laifina ya shafi yarinyar nan."

Ya ɗaga butar daga kan wuta. Ya tsiyaya shayi daga sama, ya mayar buta, ya sake tsiyayawa. Sannan ya ce, "An ce baƙo makaho ne ko da idonshi."

"Haka ne, Kawu."

"To makaho da sanda yaka lalube, ba da ampilin mutane ba."

Alhusaini ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Na ga idon dattijon ya ƙanƙance a saman rawani, na gane shi ma murmushi yake. Ya miƙo mini kofi, na shanye ɗacin nan ban ko yamutsa fuska ba. Ya tambaye ni abin da ya sa na matsu haka, sai na gaya masa gaskiya, da soro, da wanki, da abin da Hajara ta roƙe ni. Ya saurara har na gama, sannan ya miƙe.

Muka fito tare. Ya tsuguna gaban akwatinsa ya mayar da maɓallan inda suke, ya juyo ya ce da ni a gaban kowa, "Nawa ya koma. Kai gyara naka."

Na durƙusa gaban Aku gumi yana ɗiga a kan allonta. Tun da ba zan taɓa can ba, dole duk gyaran ya fito daga nan. Na kashe kwaikwayon akwatin sifika, tuwon bakin ya ragu. Na kashe kwaikwayon amfilifayar ma ɗungurungum, wato dai duk abin da na yi taƙama da shi a bakin iyaka. Na rage ƙarfin da take turawa don kada tsohuwar ta shaƙe, na ɗan danne kaifin sama, na bar amsa-kuwwa kaɗan, don kiɗan ba ya tafiya sai da ita. Wata tsohuwa a cikin mata ta ce da ƙarfi, "Ɗan Nijeriya, salla kake ko kiɗi?" Aka yi dariya, dariyar kuma ta taimake ni.

Na miƙe na kaɗa. Ba yadda yake fita a soro ba ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Na gida yana da kauri da laushi, wannan kuwa siriri ne yana karkarwa irin ta gidan. Amma shi ne, kowane bugu a wurinsa. Na zagaya shi sau ɗaya ni kaɗai. A zagaye na biyu mai ganga ya gano inda zai shiga, mata suka ɗauki tafi. Ban kalli taga ba, don na san idan na kalla hannuna zai ɓata.

Ina gamawa Kawu Agali ya miƙo hannu. Wannan karon ban jira an yi mini bayani ba, na ciro jitar daga wuyana na ba shi da hannu biyu. Ya ɗan lalubi tsirkiyoyin, sai ga kiɗan ranar wanki yana fita daga hannunsa, ya ja shi a hankali, ya sa masa wani rangaji irin nasu. Daga shi ya miƙa wa saurayin nan da ya fara ɗaukar mini jita, shi kuma ya ƙara masa sauri har 'yan mata suka cika fili. Kafin a kira magariba na daina ƙirga hannuwan da suka kaɗa shi. Gwaggo Delu tana gefe tana share ido da bakin zane, da ta ga ina kallonta sai ta harare ni.

Da safe muka yi shirin komawa. Na shiga sallama da Hajara, na same ta zaune a bakin sabon gadonta.

"Ba haka yake fita a soro ba," ta ce.

"Na sani. Gwaggo ce ta hana ni ɗauko..."

"Tun bugun farko na gane shi, Yaya."

Daga nan sai sallama. Na ce ta riƙe salla, ta riƙe mutanen gidan, ta ce in gaida Inna, muka yi ta maimaita abu ɗaya. A zaure Kawu Agali ya raka ni har mota, abin da Alhusaini ya ce bai cika yi wa kowa ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kiɗin nan naka, wace rana ce aka yin shi?"

"Asabar, Kawu. Da hantsi."

Ya gyaɗa kai kawai, ya saki hannuna.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Motar ta yi sakayau, babu tukwane, babu amarya. Iro ya yi ta neman tsokanata, da ya ga ba na ramawa sai ya ƙyale ni, har ya saya mini dabino a Tanut, abin da ban taɓa jin Bakano ya yi ba. A iyaka jami'in nan ya gane ni ya ɗaga hannu yana tambayar lafiyar aku. Muka iso Tudun Wada a gajiye, Inna ta yi ta tambaya, ɗakin yaya yake, mutanen yaya suke, suna da fara'a, yarinyar tana cin abinci. Duk na amsa, amma na ga hankalinta bai kwanta ba.

Asabar ta zagayo. Na shiga soro da hantsi kamar kullum, na jona komai a inda ya saba, na zauna da jita a cinya. Tsakar gida shiru, babu ƙarar bokiti, babu mai fasa ruwa. Na kasa kaɗawa. Ina nan zaune sai wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Sai na ji motsin ruwa a baho, da sautin wanki ana cuɗawa. Can baya kuma, daga wani sashe na gidan, siririyar muryar tsohuwar amfilifayar nan ce, ana jan kiɗan a hankali.

Na tashi na kai wa Inna wayar na kara mata a kunne. Ta saurara, ta daɗe tana saurare, hannunta a kan nawa.

"Wa ke kaɗa mata?" ta tambaya.

"Babban gidan ne da kansa, Inna."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To, alhamdu lillahi. Yarinya ta samu gida." Ta miƙo mini wayar, ta shiga ɗaki ta ja labule.